Tarin Ƙananan Yara a Ƙasar Noman Rani: Maganin Gida da Iyakarsa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, rani ya daina zama lokacin hutu ga mutanen wannan yanki, domin a watannin da manoman wasu sassan ƙasar Hausa suke fita cin rani, a cikinsu ne manomin Gafan ko Kosawa ko Ƙarfi yake ƙarasa yankan shinkafa, ya shuka alkama, ya dasa tumatir da albasa. Wannan albarka ta zo da nata nauyin a kan ƙirjin ƙananan yara, saboda hunturu, wanda yake shigowa daga Nuwamba ya kai Fabrairu da busasshiyar iska da hazo, yana haɗuwa a nan da ƙurar bugun shinkafa da ƙaiƙayin shiƙa, da hayaƙin tattakar da ake ƙonawa a gona don a share wa alkama wuri, da kuma hayaƙin murhun mata masu turara shinkafa a cikin gidaje. Da wuya a sami gida mai yara a Bunkure ko Barkum ko Gurjiya da zai fita hunturu ba a kwana ana jin tari a cikinsa ba, kuma sau da yawa wanda tarin yake hana barci matashi ne da bai daɗe da zama uba ba, ko matashiyar da take goyon fari, ko yayar da aka bar wa ƙanne yayin da manya suke bakin aiki. Su ne ake nufi da wannan nasiha.

Shi tari a karan kansa ba cuta ba ne, hanya ce da jiki yake bi ya fitar da majina da ƙura da duk abin da ya shiga bututun iska ba a gayyace shi ba, don haka burin mai jinya shi ne ya sauƙaƙa wa yaro wahalarsa, ba ya kashe tarin gaba ɗaya ba. Mafi yawan tarin yara mura ce take kawo shi, ita kuwa mura aikin ƙwayoyin bairos ne, wato ƙwayoyin cuta mafiya ƙanƙanta waɗanda maganin kashe bakteriya irin su amoksisilin ba ya taɓa su ko kaɗan. Yaron da bai kai shekara biyar ba yana iya yin mura sau shida zuwa takwas a shekara guda ba tare da wata matsala a jikinsa ba, kuma tarin da ya biyo bayan murar yakan ɗauki mako biyu, wani lokaci har uku, kafin ya ɗauke sarai. Rashin sanin wannan ne yake sa iyaye su yi ta sauya magani duk bayan kwana biyu, daga wannan kyamis zuwa wancan, sa'annan maganin da aka ba yaro a ranar da tarin zai tafi da kansa shi ne yake samun yabo.

Akwai wani nau'in tari da ya bambanta da na mura, wanda likitoci suke kira kurup, kuma duk wanda ya taɓa jin sa sau ɗaya ba ya mance shi. Yaro yakan yini da 'yar majina da ɗan zazzaɓi, ya kwanta lafiya, sai tsakar dare ya farka da busasshen tari mai amo kamar haushin kare, muryarsa ta dushe, kuma idan ya ja numfashi ciki a ji wani ƙugi mai kaifi yana fitowa daga maƙogwaronsa. Ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 3, ya fi yawa a shekara ta biyu ta rayuwa, ya kuma ɗan fi samun maza a kan mata, sannan ƙwayar da ta fi haddasa shi ita ce bairos ɗin da ake kira farainfuluwenza. Abin da yake faruwa shi ne kumburin fatar cikin bututun iska a daidai ƙasan igiyoyin murya, inda wani zoben guringuntsi ya kewaye bututun ya hana shi buɗewa ta waje, don haka duk kumburin da ya taso ciki yake komawa. Manomin da ya ga yadda ƙaramar hanyar ruwa take kasa kai ruwa gona idan laka da kacala suka ci gefunanta, alhali babbar hanyar da ta taso daga Tiga ba ta ma nuna alamar ta ji irin wannan lakar ba, zai fahimci dalilin da ya sa cutar da take dushe muryar babba kawai take shaƙe jariri. Faɗin bututun iskar jariri kamar milimita 4 ne, kuma idan kumburi ya ci milimita 1 a kewayensa, kashi uku cikin huɗu na hanyar iskar ya tafi.

Duk da tsoron da amonsa yake jefawa a zuciya, mafi yawan kurup mai sauƙi ne, tarin yakan lafa cikin kwana biyu, ko da yake yana iya dawowa a dare na biyu da na uku bayan yaro ya yini yana wasa kamar babu abin da ya same shi. Babban abin da gida yake iya yi a irin wannan dare shi ne kwantar wa yaro da hankali, kuma wannan magani ne na haƙiƙa, ba lallashi kawai ba, domin kuka da firgita suna sa yaro ya riƙa fizgar iska da ƙarfi, fizgar kuwa tana ƙara matse wurin da ya kumbura, ƙugin ya ƙaru, tsoron ya ƙaru. Abin da ya dace shi ne uwa ta ɗauke shi ta zaunar da shi a cinyarta ƙirjinsa a miƙe, ta ba shi nono idan mai shan nono ne, ko ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan idan ya girma, a rage jama'a a ɗakin, a daina haska masa fitila a fuska, kada kuma kowa ya sa yatsa ko cokali a bakinsa da nufin duba maƙogwaro. Idan akwai zazzaɓin da yake damun sa, farasitamol gwargwadon nauyinsa ya wadatar, asfirin kuwa ba a ba wa yara saboda wata mummunar illa da takan yi wa hanta da ƙwaƙwalwa a lokacin cututtukan bairos. Wani bincike da aka yi a asibitin yara na birnin Janeba aka wallafa a 2023 ya nuna cewa zama na minti 30 a iska mai sanyi yana rage alamomin kurup matsakaici, amma yaran da aka gwada duk an riga an ba su maganin asibiti, kuma iskar can ba ta ɗauke da hazo. Abin da za a ɗauka daga wannan shi ne cewa buɗe ƙofa ko fitowa tsakar gida na ɗan lokaci da yaro a lulluɓe, a daren da babu ƙura, ya fi kulle shi a ɗakin da aka toshe kowace kafa don gudun sanyi.

Surace kuwa, wato lulluɓe mutum da bargo a kan tukunyar tafasasshen ruwa ko ganyen darbejiya ko na bishiyar turare, ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma Turawa ma sun shafe fiye da ƙarni guda suna jinyar kurup da tururi a asibitocinsu kafin su tsaya su auna amfaninsa. Da aka auna, kamar a binciken da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 2006, ba a ga wani bambanci tsakanin yaran da aka ba iska mai laima sosai da waɗanda ba a ba ba. Illarsa kuwa a fili take. Yaro ɗan shekara biyu da aka tura ƙarƙashin bargo cikin duhu da zafi zai yi ta mutsu-mutsu yana kuka, abin da yake ƙara shaƙe shi ke nan, kuma ƙafarsa ɗaya ta isa ta kifar da tukunyar a jikinsa. Babba mai mura yana iya yin suracensa idan yana jin daɗinsa, amma ƙaramin yaro ba shi da rabo a ciki.

A cikin dukan magungunan gida na tari, zuma ce ta fi samun shaidar bincike, kuma abin farin ciki ne cewa wannan shaida ta dace da matsayin da take da shi a wurin Musulmi, tun da an ambaci warakar da take cikinta a Suratun Nahli. A 2007 wasu likitoci a jihar Fensilbeniya ta Amurka sun gwada ta a kan yara 105 masu tarin mura, suka ga cokalin zuma kafin barci ya fi barin yaro haka nan wajen rage tarin dare da samar da barci, a 2012 kuma wani gwaji a kan yara 300 'yan shekara 1 zuwa 5 ya sake nuna hakan. Waɗanda suka tattara waɗannan gwaje-gwaje suka tace su ga duniya masana ne 'yan Najeriya daga Kalaba, Olabisi Oduwole da Martin Meremikwu da abokan aikinsu, kuma a bitar da suka fitar a 2018, wadda ta haɗa gwaji shida da yara 899, sun kammala da cewa zuma ta fi rashin magani, kuma ba ta gaza maganin tarin kwalba da aka fi sayarwa ba, musamman a kwana ukun farko. Yadda ake ba da ita babu wuya: rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin kwanciya, ko dai zallarta ko a dama ta a ruwan ɗumi da ɗigon lemun tsami. Ana ganin kaurinta da zaƙinta ne suke lulluɓe maƙoshi su sa yawu ya zubo, ƙaiƙayin da yake tayar da tarin ya lafa. Sai dai dole a riƙe cewa dukan waɗannan gwaje-gwaje a kan tarin mura aka yi su, don haka zuma ba ta sauke kumburin kurup, ba ta kuma kashe ƙwayar da ta shiga huhu.

Sharaɗi ɗaya ne a kan zuma wanda babu sassauci a cikinsa, shi ne ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko da ɗigo ne a kan harshe. Dalili shi ne zuma, har da tsantsarta wadda ba a gauraya da sukari ba, takan ɗauki irin wata bakteriya ta cikin ƙasa wadda hanjin babba yake kashewa ba tare da ya sani ba, amma a hanjin jariri takan tsiro ta saki dafin da yake kashe jijiyoyi, sai a ga jaririn ya daina bayan gida, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya ragu, wuyansa ya saki, a ƙarshe numfashi ya gagare shi. Tafasa zumar a gida ba ya kashe wannan irin. Wannan magana tana da nauyi a gidajen da aka saba lasa wa jinjiri zuma tun ranar haihuwa don neman albarka, kuma niyyar masu yin haka kyakkyawa ce, amma jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ne abincinsa da ruwansa da maganin tarinsa, kuma haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a ƙa'idojin jinyar yara da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi suke aiki da su. Idan hancinsa ya toshe har ya kasa tsotso, ɗigo biyu na ruwan gishirin da ake sayarwa don hanci, a goge majinar da tsumma mai tsabta kafin a ba shi nono, ya fi duk wani jiƙo.

Citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa, waɗanda ba a rasa su a kowane ɗakin girki, ba su da irin shaidar da zuma take da ita a kan yara, amma ɗan ƙamshin citta a shayi marar ƙarfi ko kunu mai ɗumi ga yaron da ya wuce shekara biyu ba ya cutarwa, kuma ɗumin abin shan da yawansa su ne rabin amfanin. Abin gudu shi ne jiƙo mai yaji da zai ƙona baki ya jawo amai, da garin maganin da ake saye a kasuwa ba a san abin da aka haɗa a ciki ba.

Sauran al'adun guda uku ne suke buƙatar magana ba tare da kwana-kwana ba. Ta farko ita ce ɗura, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba masa magani ko kunu a baki, wadda haɗarinta yake ninkuwa ga mai tari, domin yaron da yake kokawar numfashi zai shaƙi abin da aka zuba ya wuce huhu, idan kuma mai ne, kamar man zaitun ko man ja ko man shanu, yakan zauna a huhun ya haddasa ciwon da yake daɗewa bai warke ba. Ta biyu ita ce man zafi da kafur, waɗanda ake shafa wa jarirai a hanci ko a jefa a ruwan sha, alhali ƙamshin man zafi yana sa mutum ya ji kamar hancinsa ya buɗe ne kawai ba tare da ya buɗe ba, ga yaron da bai kai shekara biyu ba kuwa yana iya ƙara masa majina, kafur kuma guba ne da ɗan kaɗan ɗinsa yake jawo jijjiga idan yaro ya haɗiya. Shafa man kaɗanya a ƙirji da baya don bushewar hunturu ba shi da laifi, kuma taɓawar hannun uwa tana kwantar da yaro. Ta uku ita ce cire beli. Idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akan ce beli ne ya sauko yana taɓa maƙoshi, a kira wanzami, alhali belin da aka gani ya yi ja ya kumbura shi ma murar ce ta kama shi, kuma zai koma yadda yake idan ta wuce. Yanka a maƙogwaron da ya riga ya kumbura yana jawo zubar jini da shaƙar jinin zuwa huhu da shigar ƙwayoyin cuta, har da sandarewar wuya da haƙora da ake kira tetanus, kuma idan abin da yake damun yaron mashaƙo ne, an ƙara masa rauni a kan rauni, an kuma ɓata kwanakin da suka fi kowane tsada.

Kada matashi ya ɗauka cewa tun da an soki wasu al'adun gida, kwalbar kyamis ita ce wayewa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2008 cewa kada a ba yaran da ba su kai shekara 2 ba magungunan tari da mura da ake saye ba da takardar likita ba, ta Ingila kuma a 2009 ta kai iyakar zuwa shekara 6, saboda ba a ga amfaninsu ga ƙananan yara ba, an kuwa ga illarsu. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sa barci, barcin kuma yana ɓoye alamar da ake dubawa a gane yaro ya galabaita. Najeriya tana da nata tarihin mai ɗaci da magungunan ruwa na yara: a 1990 yara fiye da 100 sun mutu a yankunan Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadarin masana'antu mai kashe ƙoda, a 2008 zuwa 2009 sinadarin nan ya sake kashe yara 84 ta hanyar maganin haƙori mai suna My Pikin, a 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda Kano ta san ɓarnarsa a tsakanin matasanta tun kafin gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, yana danne numfashin yaro, kuma bai halatta a kusantar da shi bakin ƙaramin yaro ba ko da cokali ɗaya ne.

Maganin gida da aka fi mantawa da shi, ga shi kuma ba ya cin ko sisi, shi ne raba yaro da hayaƙi. Uwar da take turara shinkafa da goyo a bayanta tana shayar da shi hayaƙin itace da buntu na tsawon yini, kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa yana cika ɗakin da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, haka nan maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta da tabar maigida duk suna tsokanar bututun da ya riga ya kumbura. Sana'a ba za ta tsaya don yaro yana tari ba, amma ana iya miƙa shi ga wata a ɗaya ɓangaren gidan har a sauke tukunya, a ɗumama ɗaki a fitar da kaskon kafin a kwanta, a maye hayaƙin sauro da gidan sauro, wanda dama yankin da ruwa yake kwance rani da damina ba ya wadatuwa da barin sa. Magungunan feshin tumatir da shinkafa su ma ba ɗakin kwana ne ma'ajiyarsu ba, kuma rigar da aka yi feshi da ita ba a ɗaukar yaro da ita.

Duk abin da ya gabata yana da amfani ne kawai idan mai jinya ya san lokacin da aikin gida ya ƙare, kuma a nan ne matashi mai waya a aljihu yake da abin da zai ba gidansu wanda ba ya buƙatar kuɗi ko takardar shaida. A ɗaga rigar yaro yayin da yake kwance shiru ba ya kuka, a duba agogon waya, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cikakke. Idan jaririn da bai kai wata 2 ba ya kai 60, ko ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, wannan numfashi ne mai sauri, kuma shi ne alamar farko ta ciwon haƙarƙari, wato namoniya, cutar da take cika huhu da ruwa da mugunya, wadda take cikin manyan masu kashe yara a Najeriya, maganinta kuma yana asibiti ba a kwalbar zuma ba. Bayan ƙirgawa sai a dubi ƙasan ƙirji: idan yana lotsawa ciki a duk lokacin da yaro ya ja numfashi, maimakon ya taso, huhun yana wahala. Sannan a saurara: ƙugin kurup da ake ji sai yaro yana kuka kawai, idan ya yi shiru ya ɓace, ana iya kwana da shi a gida ana lura a kai shi asibiti da safe, amma ƙugin da ake ji yaro yana zaune shiru ko yana barci ba ya jiran wayewar gari. Haka nan yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko leɓɓansa da harshensa suka sauya zuwa launin toka ko shuɗi, ko yawu yake dalala daga bakinsa ya kasa haɗiya. Abin da ya fi yaudara shi ne yaron da ya daɗe yana ƙugi sai amon ya ragu shi kuma ya lafe, domin sau da yawa wannan gajiya ce, ba sauƙi ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, kowane zazzaɓi ko tari a jikinsa na asibiti ne.

A jihar Kano akwai ƙarin dalilin da ya sa ba a yi wa dusasshiyar murya da ƙugi kallon raini. Lokacin da likitan Edinbara Francis Home ya rubuta littafinsa a kan kurup a 1765, mafi yawan yaran da irin wannan shaƙewa take kashewa mashaƙo ne yake kashe su, sai a 1826 Bafaranshe Pierre Bretonneau ya ware mashaƙo a matsayin cuta mai zaman kanta. Ƙasashen da rigakafi ya game sun manta da ita, amma ta ɓarke a Najeriya daga ƙarshen 2022, Kano ce kuma ta ɗauki kaso mafi girma na masu cutar, mafi yawansu yaran da ba a yi wa rigakafi ba ko ba su kammala ba. Mashaƙo bakteriya ce take kawo ta, tana farawa da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi marar tsanani, sannan wata fata mai launin toka ta shimfiɗu a maƙoshi, wuya ya kumbura ta waje, kuma dafinta yana iya taɓa zuciya da jijiyoyi makonni bayan maƙogwaron ya warke. Tana buƙatar allurar karya dafi da maganin bakteriya da keɓe majinyaci, kuma kowace rana ta jinkiri tana rage amfanin allurar. Saboda haka tambayar farko da ya kamata uba ya yi wa kansa idan ɗansa ya tashi da ƙugi ita ce ko katin rigakafinsa ya cika: allurar nan mai kare cuta biyar, wadda aka fara a Najeriya a 2012, a mako na 6 da na 10 da na 14, tare da ta namoniya, sai ta ƙyanda a wata na 9 da na 15. Ita wannan allura mai biyar ce kuma take kare tarin shiƙa, wanda ake gane shi da jerin tari babu tsayawa har yaro ya shiɗe ko ya yi amai.

Tarin da ya faɗo wa yaro farat ɗaya yana cikin wasa ko cin abinci, babu mura babu zazzaɓi, sai a tuna da ƙwayar gyaɗa ko masara ko dutsen wuya da ta wuce bututun iska, ko da tarin ya lafa daga baya. Wanda ya wuce mako biyu, musamman idan yaro yana ramewa ko akwai babba mai daɗaɗɗen tari a gidan, sai an duba tarin fuka da asma. Zazzaɓin da ya zo da tari a ƙasar shinkafa kuwa yana buƙatar gwajin zazzaɓin cizon sauro ko a tsakiyar rani.

Abin da asibiti yake yi wa kurup ba mai yawa ba ne, amma yana aiki: maganin sauke kumburi mai suna deksametason sau ɗaya tak, gwargwadon nauyin yaro, wanda yakan fara aiki cikin 'yan sa'o'i, idan abin ya yi tsanani kuma a shaƙa masa adiranalin ta na'ura a sa masa iskar oksijin. Kasancewar ana samun deksametason a kyamis ba izini ba ne na saye a ba yaro, domin wanda bai duba maƙogwaron ya bambance kurup da mashaƙo ba yana iya rufe alamar cuta ya bar ta tana ci. Matsalar ƙauyukan Kumurya ko Sanda ko Kulluwa ita ce cutar da dare take tashi, lokacin da ƙaramin asibitin gari yake rufe, don haka magidanci matashi yana buƙatar ya san tun da rana wane mai babur ko mai mota ne zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare, wane asibiti ne yake da ma'aikacin kwana tsakanin na Kura da na Rano, ya kuma bar wa matarsa izinin fita da kuɗin mota a duk daren da zai kwana a gona yana ban ruwa, tun da idan abin ya fi ƙarfin nan sai an dangana da asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a cikin birni. A hanya a riƙe yaron a zaune a jikin uwarsa, kada a kwantar da shi, kada a ba shi komai da ƙarfi. Idan kuma kaka ko suruka ta ce a bari a ga safiya, ko a fara kiran wanzami, gardama ba ta cika cin nasara a kan wadda ta raini 'ya'ya goma ba, abin da ya fi shi ne a ce mata, “Inna, zo ki duba ƙirjinsa,” a ɗaga rigar a ƙirga numfashin tare da ita, domin tsohuwar da ta ga haƙarƙarin jikanta yana lotsawa da idonta ita ce takan fara cewa a nemo mota.